Amana da Jari: Daga Kasuwar Kurmi zuwa Banki

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, mutanen Kano sun san ajiya da bashi. Falke yakan sauka gidan fatoma, ya damƙa masa hajarsa da kuɗinsa, ya tafi Gwanja ko Borno bai riƙe takarda ko guda ba. Amma fa ba ya zaɓen fatoma sai wanda ya san yana da gida da dukiyar kansa, don in kaya sun salwanta a sami abin biya. Wannan ita ce tushen maganar da za mu yi.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, Turawa suka kawo banki suka kafa shi a Waje, bayan ganuwa. Da fari mutanen birni ba su sake da shi ba. Ana ba da labari cewa a 1929 Alhaji Alhassan Ɗantata na unguwar Koki ya kai raƙuma ashirin na kuɗin azurfa ajiya a Bank of British West Africa.

To, mene ne banki ke yi da kuɗin da aka kai masa? Ba ya kulle su duka a akwati, rance yake bayarwa. Mu ɗauka banki yana juya fam 100, fam 97 na masu ajiya ne, fam 3 kurum ne jarinsa. In waɗanda suka ci bashin fam 3 suka kasa biya, jari ya ƙare. In hasara ta kai fam 5, an shiga haƙƙin masu ajiya ke nan. Saboda haka ake auna jarin banki da jimlar abin da yake juyawa.

Nijeriya ta koyi wannan darasi da wahala. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an buɗe bankunan 'yan ƙasa barkatai, galibi a Ikko, yawancinsu kuwa suka rushe da kuɗin talakawa. Shi ya sa aka yi Dokar Banki ta 1952, wadda ta hana buɗe banki sai da lasisi da jari ƙayyadadde. A 1959 Babban Bankin Nijeriya ya soma aiki. A wajejen nan ne kuma aka kafa Bank of the North, mai hedkwata a Kano. A 2004 aka umarci kowane banki ya tara jarin Naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005. Bankuna 89 suka koma 25, Bank of the North kuwa ya shiga cikin waɗanda suka haɗu suka zama Unity Bank a 2006.

Sai dai yawan jari a takarda bai isa shaida ba. A 2008 babban bankin nan na Amurka, Lehman Brothers, ya faɗi, don kowace dala guda tasa tana ɗauke da wajen talatin na bashi. Daga nan hukumomi suka ƙarfafa wata dabara, watau jarraba banki kafin masifa ta zo. Akan ƙaddara cewa farashin man fetur ya karye, darajar kuɗi ta faɗi, manyan masu bashi sun kasa biya, sa'an nan a lissafa ko jarin zai ɗauki hasarar. Kamar dai maigida ne da yakan duba katangarsa, ya yi yaɓe, tun damina ba ta faɗi ba.

A 2009 wani ɗan gidan sarautar Kano, Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya zama Gwamnan Babban Banki. Ya sa aka binciki littattafan bankuna duka, aka tarar waɗansu sun narka kuɗin jama'a a cinikin hannun jari da na man fetur, jarinsu ya zagwanye. Ranar 14 ga Agusta ya tuɓe shugabannin bankuna 5, ya zuba musu Naira biliyan 420 don kada masu ajiya su yi hasara. Da aka ƙare binciken, kuɗin ceton ya kai biliyan 620. A 2010 kuma kwamitin da ke zama a birnin Basel na ƙasar Siwizalan ya shimfiɗa ƙa'ida cewa jarin banki kada ya gaza 3 bisa 100 na abin da yake juyawa, ko da an ce bashin da ya bayar ba shi da haɗari.

To, kai da ka iya karatu yanzu, doka ta wajabta wa kowane banki ya buga lissafinsa na shekara. Kafin ka kai gumin goshinka, sai ka yi tambayar da falke yakan yi game da fatoma: nawa ne nasa na kansa? Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.