Khal Ɗin Orléans da Yadda Mahaɗin Salak Ya Zama na Faransa

Mahaɗin da ake kwaɗa salak da shi, wanda Faransawa ke kira vinaigrette, kayansa ba su fi a ƙirga a yatsun hannu ɗaya ba: mai, khal, gishiri, masoro, wani lokaci da ɗan mastad. Rumawa sun ci ɗanyen ganye da man zaitun da khal da gishiri tun kafin a san wata ƙasa mai suna Faransa, kuma duk inda ake noman zaitun da inabi a gaɓar Bahar Rum haka ake yi. Duk da haka sunan Faransa ne ya manne masa, har Turawan Ingila da Amurkawa suka daɗe suna kiransa mahaɗin Faransa. A ganina ba gwanintar kukun fada ce ta jawo wannan ba. Abin da Faransa ta riga maƙwabtanta yi shi ne mayar da haɗa khal sana'a mai doka da masu sa ido, kuma wanda ke da khal abin dogaro shi ke da mahaɗin.

Labarin ya faro ne daga asara. Kogin Loire ne babbar hanyar giyar inabi daga Anjou da Touraine zuwa Paris. Jiragen ruwa na hawo kogin a hankali, iska ta ba su ko ta hana, su sauke kaya a Orléans, inda kogin ya fi kusa da babban birnin, daga nan a ɗora gangunan a keken doki. Kafin a iso, wasu gangunan sun yi tsami, ba mai sayen su a Paris. Mutanen Orléans suka riƙa karɓar wannan kayan da arha suna ƙarasa tsamin da gangan. Sukan zuba giyar a gangar katako ba tare da an cika ta ba, a bar kafa daga sama don iska ta shiga, a ajiye a ɗaki mai ɗumi. Wani abu kamar yana kan taru a saman ruwan, shi suke kira uwar khal. Bayan kimanin mako uku sai a tsiyaye wani kaso a mayar da sabuwar giya gurbinsa, uwar kuma tana nan tana aiki shekara da shekaru. A 1580 Sarki Henri na Uku ya amince da ƙungiyar masu wannan sana'a a garin, kuma zuwa ƙarni na 18 gidajen khal a Orléans sun kai ɗaruruwa. A Paris ma masu khal da masu mastad ƙungiya ɗaya suke, kuma wannan zumunci ya dace da abin da ke faruwa a cikin kwano: mai da khal ba sa jituwa, kana daina kaɗawa za su rabu, amma ɗan mastad yana da yauƙin da ke riƙe ɗigon man a cikin khal har a gama cin abinci. Wanda ya shiga shago ɗaya ya fito da biyu daga cikin kayan haɗin.

Za a iya cewa ai ba Bafaranshe ne ya fara rubuta ƙa'idar ba, kuma gaskiya ne. A 1614 wani Ba'italiye mai gudun hijira a Ingila, Giacomo Castelvetro, ya rubuta littafi kan ganyaye da 'ya'yan itacen ƙasarsa, yana kukan yadda mutanen arewacin Turai ke barin ganye jiƙe da ruwa su kuma tsunduma shi cikin khal. Shi a wurinsa a tsane ganyen sarai, a sa gishiri, a yalwata mai a juya, sannan khal kaɗan daga ƙarshe. A 1699 kuma John Evelyn na Ingila, a littafinsa Acetaria, ya ba da awon da har gobe ake bi, wato kashi uku na mai da kashi ɗaya na khal ko ruwan lemon tsami. Amma wannan hujja ƙarfafa maganata take yi. Awo ba ya amfani idan khal ɗin yau ya fi na jiya kaifi ninki biyu. Ingila na da marubutan, sai dai khal ɗinta na sha'ir ne, mai kaushin ɗanɗano, man zaitun kuma sai an shigo da shi. Italiya na da mai da ilimin, amma a warwatse cikin ƙananan dauloli, kowane gida da gangarsa. Faransa ce ke da gari guda da sunansa kaɗai ya isa shaida a kasuwa.

Wata sukar ta fi wannan nauyi: cewa kwarjinin Faransa ne kawai, tunda a wancan zamani duk abin da ya fito daga Paris ado ne a wurin attajiran Turai. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Marubuci Brillat-Savarin ya ba da labarin wani ɗan sarauta mai suna d'Albignac da juyin juya halin Faransa ya kora zuwa Landan, ya rasa abin yi, ya koma bin gidajen masu kuɗi yana haɗa musu salak, har ya tara wajen faran 80,000 ya koma gida. Lallai sunansa da lafazinsa sun taimaka. To amma a duba abin da yaronsa ke ɗauke da shi a akwatin katako: khal iri-iri masu ƙamshi, mai iri-iri, da sauran kayan ɗanɗano. Daga baya har akwatunan ya riƙa haɗawa yana sayarwa. Da babu masu sana'ar da suka cika kwalaben nan, da kwarjinin bai wuce dare ɗaya ba.

Sana'ar ta karye ne ta hanyar da ta taso. A 1823 wani mai suna Schützenbach ya fito da dabarar Jamus ta tsiyaye barasa ta kan sassaƙen katako, khal ya samu cikin kwanaki. A 1843 jirgin ƙasa ya haɗa Paris da Orléans, sufurin kogi ya fara mutuwa, giya ta daina lalacewa a hanya. Louis Pasteur, wanda ya nuna cewa ƙwayar halitta ce ke mayar da barasa khal idan ta sami iska, ya yi wa masu sana'ar lacca a Orléans a 1867, ilimin da ya amfane su ya kuma buɗe wa kowa sirrin. Gidan Martin Pouret, da aka kafa a 1797, shi ne ya rage yana bin tsohuwar hanya. Sunan kuwa ya ci gaba da yawo ba tare da kayan ba: abin da kamfanonin Amurka suka riƙa sayarwa a kwalba da sunan mahaɗin Faransa jan abu ne mai zaƙi da tumatir, kuma hukumar abinci ta ƙasar ta soke ƙa'idar da ta kafa masa a 2022.

Sawun wannan tarihi ya iso har ƙasar Hausa, iyakar mulkin mallaka ta raba shi biyu. A Maraɗi da Damagaram mai sayar da salati yakan kwaɗa shi da man gyaɗa da khal da gishiri da albasa, yadda Faransawa suka bari. A Kano da Kaduna kuwa salak ɗin biki sai da farin kirim na kwalba, irin wanda kamfanin Heinz ya fitar wa kasuwar Ingila a 1914. Khal ɗin da ke shagunan ɓangarorin biyu galibi farin na masana'anta ne, jikan dabarar Schützenbach.