Furostet da Sinadarin Maza: Tarihin Gano Alaƙarsu

Furostet wani ƙululu ne a jikin namiji, girmansa kamar na goro, yana zaune ƙarƙashin mafitsara, kuma hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Idan shekaru suka ja yakan kumbura ya matse hanyar, wani lokaci kuma sankara ta kama shi. Cututtukan biyu daban suke, amma kowannensu yana dogara ga sinadarin maza da maraina ke samarwa.

Tun kafin a san sinadarin, an san aikinsa. Makiyaya sun daɗe da ganin cewa bunsurun da aka yi wa fiɗiya yakan daina barbara, warinsa ya ragu, ya yi ƙiba. Fadojin ƙasar Hausa ma sun san babanni. Littafin Tarihin Kano ya ambaci babanni 40 da Sarkin Nupe ya aiko wa Sarauniya Amina ta Zazzau. Amma abin da ke faruwa a cikin jiki sai a 1786 likitan Birtaniya John Hunter ya rubuta shi, inda ya nuna cewa furostet na ƙanƙancewa a dabbar da aka cire wa maraina. A shekarun 1890 J. William White na Filadelfiya ya gwada cire maraina ga dattawa masu toshewar fitsari.

A 1935 aka tace sinadarin maza, wato testosteron, a Amsadam. A 1941 Charles Huggins da Clarence Hodges na Jami'ar Cikago suka nuna cewa sankarar furostet da ta bazu zuwa ƙashi tana lafawa idan aka cire maraina ko aka ba majinyaci sinadarin mata, tana kuma tsananta idan aka yi masa allurar testosteron. Wannan aiki ya sa Huggins ya samu lambar Nobel a 1966.

Sirrin kumburin da ba sankara ba ya bayyana daga baya. A 1968 aka gano cewa furostet na juya testosteron zuwa wani sinadari mafi ƙarfi, DHT. A 1974 Julianne Imperato-McGinley ta ba da rahoton wasu maza a Jamhuriyar Dominika waɗanda jikinsu ba ya iya wannan juyi, kuma furostet ɗinsu ya tsaya ƙarami har girma. Daga nan aka haɗa maganin finasterayid mai hana wannan juyi, wanda Amurka ta amince da shi a 1992. A shekarun 1980 kuma, don masu sankara, aka fito da allurai masu hana maraina aiki ba tare da fiɗa ba.

Wannan ilimi ya iso Zariya ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a Samaru a 1962, da asibitin koyarwarta da ya tare a Shika a 2005. Can ake tura dattawan Jama'a da Samaru da Sabon Gari idan fitsari ya tsaya ko ya dinga ɗiga. Mai kumburi akan sa masa robar fitsari, a ba shi ƙwayoyi ko a yi masa aiki. Mai sankarar da ta bazu akan rage masa sinadarin maza, ta allura ko ta cire maraina, wanda ya fi araha amma maza da yawa na gudunsa.

Rage sinadarin ba ya kashe sankarar. Yana danne ta ne na wani lokaci, daga baya ta koyi girma ba tare da shi ba. Yana kuma jawo raunin mazakuta da na ƙashi. Sankarar furostet ce kan gaba cikin sankarar maza a Nijeriya, kuma akasarin majinyata sukan isa asibiti ne bayan ta bazu, alhali gwajin jini na PSA da dubawar likita na iya gano ta tun ana iya cire ta.