Daga yunwar Kakalaba zuwa cin da ba ya tsayawa

Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin ciki.

A nan yankin Funtua da Malumfashi, wanda ya ɓuya ya cinye abincin mutum uku, ya kasa tsayawa, daga baya kunya ta rufe shi, sunansa ɗaya: mai haɗama. Ni dai ban yarda da wannan hukuncin ba.

Ƙasar Hausa ta san yunwa. A 1914 an yi wadda ake kira Kakalaba, bayan daminar 1913 ta ƙi. Farin 1972 zuwa 1974 kuwa, waɗanda suka gan shi suna nan da ransu. Ko a shekarar albarka, manomi ya san Agusta: rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba. Kaka na zuwa sai a rama.

To me yunwa ke bari a jiki bayan ta wuce? A 1944 zuwa 1945, Ancel Keys na Jami'ar Minnesota a Amurka ya gwada da maza 36 'yan sa-kai. Wata shida suna cin kusan rabin abincinsu. Da aka sake su, wasunsu suka riƙa ci har ciki ya yi ciwo, amma ba sa jin sun ƙoshi. Lafiyayyun mutane ne fa kafin gwajin. Likita Albert Stunkard ya bayyana irin wannan ci a 1959, amma sai 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware shi a matsayin cuta mai zaman kanta.

Shi ya sa masu ba da shawara, irin su Christopher Fairburn na Oxford, ba sa farawa da "rage ci". Cewa suke ka ci a kan lokaci, kada tsakani ya wuce awa huɗu, ka rubuta abin da ya tunzura ka: ɓacin rai ne, kaɗaici, ko bashi? Jean Kristeller ta ƙara da nutsuwa: ajiye waya, tauna a hankali, a tsakiyar kwano ka tsaya ka saurari cikinka.

Wannan bai yi nisa da karatun islamiyya ba, inda aka koya mana raba ciki uku: abinci, ruwa, numfashi. Sai dai yarinyar da ke ƙin karin kumallo don ta rame, dare ya yi ta afka wa tukunya, za a fara ne da mayar mata da kokon safe.