Babu Kisa: Tarihin Mai Zilliya da Mai Nauyin Hannu

Hausawa sun daɗe a Agege. Cinikin goro ne ya fara zaunar da su, jirgin ƙasan da ya haɗa Ikko da Kano a 1912 ya ƙara musu yawa, daga baya fataucin shanu da mayankar Oko-Oba suka tara mahauta. Inda mahauta suka taru ba a rasa kalangu, inda ake kalangu kuma dambe ba ya nisa. Da wannan idon na dambe mutanen zango suka riƙa kallon damben boksin, tun ana jin sa a rediyo har ya dawo gidan kallo, kuma idon bai cika yi wa mai gudu adalci ba.

Dalilin a fili yake. Ɗan dambe yana tsayawa ne da hannun da aka naɗe da zare can baya, ɗaya hannun a miƙe, tafi buɗe, yana auna tazara yana ture abokin karawa. Mai wayo yakan yi ta zilliya, ya shige jiki a riƙe juna, har mai nauyin hannu ya gaji da dukan iska. Amma a al'ada wannan wayon iyakarsa ya tsirar da mutum. Idan turmi uku ya cika ba wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, sai a ce an tashi babu kisa. Shi ya sa Shago, ɗan damben da Ɗan Anace ya waƙe, da kisa aka san shi. A boksin kuwa akwai alƙalai da takardar maki, kuma wannan takarda ita ce ta ba mai zilliya hanyar cin kambu ba tare da ya kayar da kowa ba.

Ɗan Najeriyar da ya ɗanɗana wannan fiye da kowa shi ne Richard Ihetu, wanda duniya ta sani da Dick Tiger, haifaffen Amaigbo a 1929. Gajere ne kakkaura, ba ya ja da baya, kuma ya fi son wanda zai zo masa gaba da gaba. Haka Gene Fullmer, Ba'amurke mai kutse kamar bijimi, ya zo masa a San Francisco ranar 23 ga Oktoba, 1962, ya sha kashi turmi goma sha biyar, kambun matsakaita nauyi ya shiga hannun Tiger. Fullmer ya ɗauki darasi. Da suka sake haɗuwa a Las Vegas a Fabrairun 1963, sai ga bijimin jiya yana kewaya fili, yana tsikara yana matsawa. Aka tashi canjaras. Karo na uku a filin Liberty na Ibadan aka yi shi, ranar 10 ga Agusta, 1963, damben kambun duniya na farko a Najeriya. Nan Tiger ya same shi yadda yake so, Fullmer bai fito ba bayan turmi na bakwai.

Sai dai wani ya ga abin da ya faru a Las Vegas. Joey Giardello tsohon hannu ne, shekarunsa 33, kuma ya san Tiger, don sun kara sau biyu a 1959, kowa ya ci ɗaya. Ranar 7 ga Disamba, 1963, a Atlantic City, Giardello ya ƙi tsayawa. Ya miƙa hagu ya taɓa fuska, ya goce. Tiger ya kafa ƙafa zai saki hannu, sai ya tarar ba kowa a wurin. Haka aka yi ta yi har turmi na goma sha biyar, alƙalin wasa ya ba Giardello takwas, Tiger biyar, biyu kunnen doki. Da a zango ne, da 'yan kallo sun ce makaɗa ma sun fi shi gumi. A ganina Tiger ma da laifinsa. Mai nauyin hannu ba bin mai gudu yake yi a baya ba, tare masa hanya yake yi har ya kai shi kusurwa, ya dinga dukan ciki da haƙarƙari tun da wuri, domin ƙafa ta yi nauyi kafin a kai ƙarshe.

Giardello ya ja wa Tiger rai kusan shekara biyu. Da aka sake gamuwa a Madison Square Garden na New York ranar 21 ga Oktoba, 1965, ƙafar ɗan shekara 35 ba ta iya aikin da ta yi a baya ba, alƙalai duka suka ba Tiger, ya karɓi kambunsa. Ya ci na ajin da ke sama a hannun José Torres a Disambar 1966, ya rasu a 1971 yana da shekara 42.

Shekaru arba'in bayan wancan karo na New York, labarin ya maimaita kansa a garin da Tiger ya fara rasa kambun duniya. Samuel Peter, ɗan Akwa Ibom mai hannu kamar guduma, ya gamu da Wladimir Klitschko na Yukren a Atlantic City ranar 24 ga Satumba, 2005. Dogon ya tsare shi da hagu, in ya matso ya rungume shi ya danne. Duk da haka Peter ya kai shi ƙasa sau biyu a turmi na biyar, sau ɗaya a na goma. Da a gaban mahautan Oko-Oba aka yi, tun faɗuwar farko an ɗaga Peter sama, kalangu ya ɗauka. Alƙalan uku kuwa maki iri ɗaya suka rubuta, 114 da 111, Klitschko ne ya ci.