Daga Ƙofar Ran Zuwa Rangun: Ina Sunayen Mazan Jiyanmu?



Duk wanda ya tashi a Ƙofar Ran ya san kushewar Firayim Minista Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa kamar yadda ya san ƙofar gidansu. Muna yara an sha jero mu daga makaranta a kai mu, mu bi ta lungun nan mai duhu har mu ɓulla inda haske yake, mu tsaya gaban kabarin, sannan a nuna mana kayansa da aka adana. A 1979 aka buɗe ginin, shekara 13 bayan rasuwarsa, kuma har yau in baƙo ya zo Bauchi nan ake fara kawo shi. Wannan mutum ɗaya ke nan, kuma ya cancanta. Amma yau maganarmu a kan wasu ce, 'yan ƙasar Bauchi da suka tafi yaƙi ba su dawo ba, waɗanda in aka tsayar da mu aka ce mu faɗi sunan mutum uku daga cikinsu, yawancinmu sai dai mu sosa ƙeya.

Kowace shekara ranar 15 ga Janairu ake bikin tunawa da 'yan mazan jiya. Gwamna da manyan soja da shugabannin ƙungiyar tsofaffin sojoji su ajiye furanni, a busa begila, a harba bindiga, a saki tantabaru, a watse. Da can ranar 11 ga Nuwamba ake yi, ranar da aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. Daga baya Nijeriya ta mayar da shi ranar da aka gama yaƙin basasa a 1970. Mu kuwa a nan, 15 ga Janairu tana da wani nauyi na daban, don ranar ce a 1966 aka ɗauke Firayim Minista daga gidansa a Legas, sai gawarsa aka dawo mana da ita. Abin lura a bikin shi ne, furannin nan ana ajiye su ne don sojan da ba a san sunansa ba. Alhali sojojin nan kowannensu an raɗa masa suna ran bakwai, an yanka masa rago.

Bari mu ɗan leƙa wata ƙasa mai nisa don mu ga bambancin. A yammacin Kanada akwai jihohi uku na noman alkama, Manitoba da Saskacewan da Albata, fili ne fetal iya ganinka. Garuruwansu da yawa ba su kai wata unguwa tamu yawan jama'a ba. Duk da haka in ka shiga irin waɗannan garuruwa, da wuya ka rasa wani dutse a tsaye kusa da tashar jirgin ƙasa ko ɗakin taro, an sassaƙa sunayen samarin garin da suka mutu a yaƙi. Kanada ta rasa mutum fiye da 60,000 a yaƙin farko, da sama da 40,000 a na biyu. Dokar daular Ingila a lokacin ita ce ba a dawo da gawar soja gida, inda ya faɗi nan ake rufe shi. Uwar da ɗanta ke kwance a Faransa ba ta da kabarin da za ta ziyarta, shi ya sa mutanen gari, manoma da ƙungiyoyin mata da sojojin da suka dawo, suka yi karo-karo suka kafa dutsen. Jihar Saskacewan ma har ta raɗa wa dubban tafkuna da tsibirai na arewacinta sunayen 'ya'yanta da suka mutu a yaƙi.

Dalilin kawo su shi ne, yaƙi ɗaya kakanninmu suka yi da su, a ƙarƙashin sarki ɗaya, kuma doka ɗaya ce ta hana dawo da gawa. Sai dai abin da ya biyo baya ne ya sha bamban.

Rundunar da kakanninmu suka shiga ita ce wadda Lugga ya fara haɗawa a ƙarshen ƙarni na 19, ta Afirka ta Yamma. Hausa ce harshen bariki, har Baturen hafsa sai ya koye ta. Da yaƙi ya ɓarke a 1914, aka tura su Kamaru, wadda a lokacin ke hannun Jamus. Harin farko da suka kai Garwa a watan Agustan 1914 bai yi daɗi ba, an kashe musu mutane, suka ja da baya. Sai a watan Yunin 1915 garin ya faɗi. Suka hau duwatsun Banyo a ƙarshen shekarar, su kuwa Jamusawan da suka maƙale a kan dutsen Mora ba su miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916. Ba a bar su sun huta ba, aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka, ƙasar da ake kira Tanzaniya yanzu, inda yunwa da zazzaɓi da atini suka yi musu ɓarnar da ta yi gogayya da ta harsashi. A gwabzawar Mahiwa, Oktoban 1917, sojojin Nijeriya sun sha wuya ƙwarai. Bayan masu bindiga kuma akwai 'yan dako, waɗanda aka ɗebo ta hannun hakimai da dagatai, suna ɗauke da albarusai da abinci a ka. Su ne suka fi mutuwa ba a rubuta ba.

Yaƙi na biyu shi ne wanda tsofaffinmu suke kira yaƙin Hitila, ko yaƙin Bama. A nan Bauchi ya fara ne a ƙarshen zamanin Sarki Yakubu na Biyu, ya ƙare a zamanin Yakubu na Uku wanda ya hau a 1941. Lokacin jirgin ƙasa bai iso Bauchi ba, sai bayan samun 'yancin kai ya zo. Wanda aka ɗauka soja sai ya kai Jos tukuna kafin ya ga dogo. Ka duba saurayin da bai taɓa wuce kasuwar ƙauyensu ba, yau ga shi a Legas, gobe ga shi a kan teku makonni, jibi ga shi a Bombay.

Kafin Bama, sojojin Nijeriya sun yaƙi Italiya a 1941. Su ne suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu, suka kora abokan gaba har cikin Habasha. A 1943 aka kafa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, aka tura su yaƙar Japan. Kimanin mutum 90,000 ne daga Afirka ta Yamma suka je wancan fagen, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Runduna ta 81 ta ratsa kwarin kogin Kaladan a 1944, daji mai duhu da tsaunuka inda mota ba ta shiga, abinci sai dai jirgin sama ya jefo. Nan ma dakon ka ya yi rana: akwai rukunoni na musamman da aikinsu ɗaukar kaya ne, har da sassan igwa, yawancinsu ba bindiga a hannu. Wasu bataliyoyi uku na Nijeriya kuma aka haɗa su da mayaƙan Cindit, waɗanda ake saukewa a bayan dagar Japanawa. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci Miyohon, tsohon birnin sarakunan Arakan.

Waɗanda suka rage a gida ma ba su tsira ba. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta kwasar talakawa daga lardunan Arewa, har da namu, zuwa aikin tilas a ramukan kuza, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna. Sanyin tudun Jos da ƙarancin abinci da cuta sun kashe da yawa. Waɗannan ba su sa kaki ba, saboda haka ko a lissafin mazan jiya ba a sa su.

To ina sunayen?

Na yaƙin Bama da yawa suna nan, amma can. A wajen birnin Rangun, wanda ake kira Yangon yanzu, akwai maƙabartar soja ta Taukkyan. A tsakiyarta akwai dogayen ginshiƙai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san inda kabarinsu yake ba, Turawa da Indiyawa da 'yan Afirka. Wanda ya bi jerin 'yan Nijeriya zai ga wani abu da zai taɓa masa zuciya. Akawun ɗaukar soja ba ya tambayar sunan uba, sunan yanka yake rubutawa ya liƙa masa garin da ya ce ya fito: wane Kano, wane Sakkwato, wane Katagum, wane Bauchi. Kuma wanda aka rubuta wa Bauchi ba lallai ɗan cikin ganuwa ba ne. Yana iya zama mutumin Dass, ko Toro, ko Ningi, ko Bogoro, Musulmi ko Kirista ko mai bin addinin gargajiya, don Turawa sun fi son ɗiban soja daga ƙauyuka da kan duwatsu. Wato sunan garinmu yana sassaƙe a jikin dutse a ƙasar Bama shekaru da dama, mu ba mu je mun gani ba, su kuma mutanen can ba su san inda Bauchi take ba.

Na yaƙin farko kuwa labarinsu ya fi ɗaci. An kafa wasu duwatsun tunawa a garuruwan da bataliyoyi suke, kamar Zariya da Lakwaja da Ibadan da Kalaba. A Legas aka kafa mutum-mutumin tagulla guda biyu a Idumota, soja da ɗan dako, su tsaya a madadin kowa. A watan Afrilun 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila ta fitar da rahoton binciken da ta sa aka yi, ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, kuma adadin yana iya kaiwa 350,000. Rahoton bai ɓoye dalili ba, ya ce wariyar launin fata ce. A cikin takardun da aka tono har da maganar wani gwamnan mulkin mallaka na ƙasar da ta zama Gana, wanda ya nuna a 1923 cewa wai baƙar fata ba zai gane amfanin dutsen kabari ba. Ministan tsaron Ingila, Ben Wallace, ya nemi afuwa a gaban majalisa.

Amma kada mu ɗora wa Bature laifin duka. Mu ma muna da namu dalilan, kuma gara mu faɗe su. Rundunar nan ita ce ta shigo Bauchi a 1902 ta tuɓe Sarki Umaru. Ita ce ta yaƙi Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, a ƙasar da ta daɗe cikin lardin Bauchi. Saboda haka a idon malamai da masu gari, aikin soja aikin Nasara ne, ba abin da ɗan mutunci zai yi alfahari da shi ba. Wanda ya dawo daga Bama da lambobi a ƙirji ana jin tsoronsa, yara suna binsa suna kwaikwayon faretinsa, amma ba kowane gida ne zai ba shi 'ya ba. Ga kuma addini: ba ma gina kabari, ba ma sassaƙa mutum-mutumi, abin da muka sani game da mamaci addu'a ce da sadaka. Wannan daidai ne, ba mu da ja. Sai dai rubuta suna a littafi ba gunki ba ne. Mu da muke haddace jerin sarakunanmu tun daga Malam Yakubu, muke riƙe salsalar malamanmu, ba za a ce ba mu san darajar suna ba.

Ɗan garin nan guda dai bai bar su sun dawo shiru ba. Malam Sa'adu Zungur, wanda a shekarun yaƙin yake zaman muhawara a Bauchi tare da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya rubuta waƙarsa Maraba da Soja don tarbar waɗanda suka dawo. In ana neman abin tunawa da Bauchi ta yi wa sojojin Bama, to ita ce, kuma ta fi dutse yawo. Sojoji ma sun riƙe tarihin ta hanyarsu. Barikin Dodan da na Arakan da na Miyohon a Legas, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Cindit a Zariya, duk daga Bama sunayen suka zo. Barikin Lakwaja ne ma ya ɗauki sunan mutum, Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara soja a hannun Jamusawa a Kamaru, ya koma na Ingila, ya yi Gabashin Afirka da Habasha da Bama. Sauran yawanci sunayen wurare ne. An tuna inda aka mutu, ba a tuna wanda ya mutu ba.

Kuma jerin bai tsaya a 1945 ba. An je Kwango daga 1960. An yi yaƙin basasa wata 30, wanda kusan kowace unguwa ta ba da 'ya'yanta. An je Laberiya a 1990, daga nan Saliyo. Yau ga Barno da Yobe da dazuzzukan Zamfara. Kowa ya san sunan Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da aka kashe a Malam Fatori a Nuwamban 2016, Allah ya jiƙansa. Ƙananan sojojin da ke faɗuwa kusa da irinsa fa? Muna da barikin Shadawanka da makarantar tankokin yaƙi a garin nan, muna haɗuwa da matan da aka bar wa marayu a kasuwar Wunti da Muda Lawal, ba mu san su ba.

Waɗanda suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. 'Ya'yansu ma yanzu dattawa ne. Abin da ya rage yana cikin adakoki a ɗakunan tsofaffi: takardar sallama da ta yi ja, lambar tagulla mai siffar tauraro, hoton saurayi da hular soja, wani lokacin ma suna kawai da wata gwaggo take ambata in tana addu'a. Lambar aikin da ke jikin takardar sallama ko littafin fansho ita ce mabuɗi, don da ita ake gane wane Bauchi daga wane Bauchi a rajistar hukumar kaburburan, wadda ke buɗe ga kowa a intanet kyauta. Muna roƙon duk gidan da ke da irin waɗannan kaya, daga Ƙofar Ran zuwa Jahun, Nassarawa, Wunti, Dumi da Tirwun, kada a bari gara ta cinye. A ɗauki hotonsu da waya. A zauna da tsohuwar gidan a tambaye ta sunansa na yanka, sunan mahaifinsa, unguwarsu ko ƙauyensu, wane yaƙi ya je, da kuma wanda ya kawo labarin rasuwarsa, a rubuta tun tana iya tunawa.