Mahayan Daular Fartiya da Yadda Suka Gagari Rumawa

Daular Fartiya ta samo asali ne daga wata ƙabilar makiyaya da ake kira Farni, mazauna filayen da ke gabas da Tekun Kasfiya. Wajen shekara ta 247 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), shugabansu Arshak ya kafa gidan sarauta a arewa maso gabashin Iran ta yau, yankin da a da yake ƙarƙashin Sulukiyawa, magadan Iskandar na Makidoniya. Sarki Mitridat na Ɗaya ne ya faɗaɗa ta, har ya ƙwace birnin Sulukiya a bakin kogin Dijla a shekara ta 141 kafin Miladiyya. Daular ta yi kusan ƙarni biyar, amma ba a cika ambatonta ba, domin yawancin labarinta abokan gabarta ne suka rubuta shi.

Ƙarfinta a bayan doki yake. Sarki ba ya ajiye babbar runduna ta dindindin. In yaƙi ya taso, manyan gidaje ne ke kawo mutanensu. Talakawa da barori su ne maharba, ba sulke ba garkuwa, sai baka da kwari. Bakan nan da itace da ƙaho da jijiya ake haɗa shi, gajere ne amma kibiyarsa na huda sulke. Maharbi kan zaburo kamar zai afka, ya saki kibiya, ya juya a guje. In an bi shi, sai ya waiwayo bisa sirdi ya harbi mai binsa. Duk wannan babu likkafa, domin ba a san ta ba tukuna, da cinya kawai yake riƙe doki. Masu sarauta kuwa su ne barade, kwatankwacin 'yan lifidi, sai dai nasu rufin na ƙarfe ne daga mahayi har dokinsa, da dogon mashi da ake riƙewa da hannu biyu.

Hikimar tana cikin haɗa su biyun. In dakaru suka cure wuri ɗaya don tsoron barade, kibau su yi musu ruwa. In suka warwatsu, barade su tattake su.

An ga haka ƙarara a yaƙin Karre, wato Harran ta ƙasar Turkiyya a yau, a shekara ta 53 kafin Miladiyya. Karasus, attajirin Rum, ya ƙetare kogin Furatu da mutum kusan 40,000. Surena, sarkin yaƙin Sarki Orod na Biyu, ya tare shi da mahaya kamar 10,000, barade 1,000 a cikinsu. Rumawa suka haɗa garkuwoyi suna jiran kibau su ƙare, ashe Surena ya tanadi ayarin raƙuma ɗauke da wasu, maharba na zuwa suna cika kwari. Ɗan Karasus, Fubliyus, ya bi masu gudun ƙarya, aka yi masa zobe, aka dawo da kansa a tsinin mashi. Rumawa kimanin 20,000 suka mutu, aka kama 10,000, Karasus ma bai tsira ba. Abin takaici, ba a jima ba Orod ya sa aka kashe Surena don tsoron ɗaukakarsa.

Wannan salo na da iyaka. Doki ba ya hawa ganuwa, don haka Fartiyawa ba su iya kewaye birni, kuma a shekara ta 38 kafin Miladiyya Rumawa suka kashe Yarima Fakor na Fartiya a Gindaros da suka yi yaƙin daga kan tudu. Sarki Tarajan na Rum ya ci babban birninsu Tesifon a shekara ta 116 Miladiyya, amma Rum ta kasa riƙe shi. Daga gida faɗuwar ta zo: a shekara ta 224 Ardashir, mai mulkin Farisa, ya kashe Sarki Artaban na Huɗu a Hormozdagan, ya kafa Daular Sasaniyawa, wadda ta gaji baraden ta ci gaba da yaƙar Rum da su.