Mata masu taɓin hankali a gidajen yari

A tsakanin watan Agustan 2002 da Agustan 2003, mata shida ne suka mutu a gidan yarin Styal da ke kusa da birnin Manchester a Ingila. Wannan lamari na daga cikin abubuwan da suka sa gwamnatin Birtaniya ta nemi Baroness Jean Corston, 'yar Majalisar Dattawan ƙasar, ta binciki halin da mata masu rauni ke ciki a hannun hukumomin shari'a.

Rahoton nata ya fito a watan Maris na 2007, ɗauke da shawarwari 43.

A lokacin, mata ba su wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na fursunonin Ingila da Wales ba, amma kusan rabin rahotannin fursunonin da ke yi wa kansu rauni daga ɓangarensu suke fitowa. Da yawa daga cikinsu sun sha dukan miji ko fyaɗe kafin a kama su, wasu kuma na fama da shan miyagun ƙwayoyi. Rahoton ya nuna cewa maza aka yi la'akari da su wajen tsara gidajen yari, sannan aka cusa mata a ciki.

Babbar shawarar ita ce a maye gurbin manyan gidajen yarin mata da ƙananan cibiyoyi kusa da garuruwansu. Gwamnati ba ta amince da wannan ba, sai dai an daina tuɓe mata domin bincike ba tare da wani dalili ba. A 2016, shekarar da aka rufe gidan yarin mata na Holloway a London, mata 12 ne suka kashe kansu a gidajen yarin ƙasar.

Ƙa'idojin Bangkok

A watan Disambar 2010 ne Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idoji 70 game da mata fursunoni, waɗanda ƙasar Thailand ta jagoranci tsara su.

Ƙa'ida ta 6 ta ce a duba lafiyar ƙwaƙwalwar mace tun ranar da aka shigo da ita, a kuma gano ko akwai fargabar za ta kashe kanta. Ta 41 kuwa ta buƙaci kada a kai mace sashen da ke da tsauraran matakan tsaro saboda larurar kawai.

Sai dai likita ba ya kwana a gidan yari. Gandiroba ce ke zagayawa da daddare, kuma ita ce ke fara ganin matar da ta daina cin abinci, ko ta daina wanka, ko take magana ita kaɗai. Idan ba ta da horo, sai ta ɗauki ihu da fasa kaya a matsayin taurin kai, ta rubuta rahoton ladabtarwa, a kulle matar ita kaɗai, ciwon kuma ya ƙaru. Shi ya sa ƙa'ida ta 35 ta ce a koya wa ma'aikata gane alamun taɓin hankali, da yadda za su miƙa mai larurar ga ƙwararru. Ta 13 ta ƙara da cewa su san lokutan da mace ta fi shiga damuwa. Kwanakin farko na ɗauri, da lokacin da aka raba uwa da ɗanta, suna cikin mafi haɗari.

Ƙa'idojin Nelson Mandela na 2015 sun hana kaɗaita fursuna fiye da kwana 15 a jere, sun kuma hana kaɗaita mai taɓin hankali idan hakan zai tsananta ciwon. Sun ce wanda larurarsa ta yi tsanani a mayar da shi asibiti.

Ƙa'idojin nan duka ba su da ƙarfin doka, kowace ƙasa ce ke zaɓar abin da za ta shigar cikin dokokinta. A Najeriya, sai a watan Janairun 2023 aka sanya hannu a kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958.